Light, night, right: me "gh" yake yi a tsakiyar waɗannan kalmomi?

Assalamu alaikum jama'a. Ku dubi kalmomin nan da kyau. Light. Night. Right. Fight. Might. Sight. Tight. Kalmomin Turanci ne guda bakwai, kowacce da haruffa biyar, kuma huɗun ƙarshe duk iri ɗaya ne: i, g, h, t. Harafin farko kaɗai ya raba su. Light haske ne, night dare, right dama ko daidai, fight faɗa, might ƙarfi, sight gani, tight kuma abin da ya matse.

Wanda ya taɓa buga Wordle ya san wahalar wannan dangi. Wasa ne da Josh Wardle, wani mai haɗa manhaja ɗan asalin yankin Wales, ya saki wa duniya a watan Oktoba na 2021, jaridar New York Times ta saye shi a Janairun 2022. Ana ba ka gwaji shida ka gano kalma mai haruffa biyar. Harafin da ya faɗa gurbinsa sai ya zama kore, wanda yake cikin kalmar amma ya ɓata wuri sai ya zama ruwan ɗorawa. To ranar da kore huɗu suka fito maka a kan i, g, h, t, ka dakata da murna tukuna. Kalmomi bakwai ko fiye ne suke jiran gurbi ɗaya, gwajinka kuwa wataƙila saura uku.

Ga dabarar. Kada ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Ka sadaukar da gwaji guda, ka rubuta kalmar forms. A ciki akwai f, r, m da s. Idan f ya yi launi, fight ce. Idan r ne, right. M, might. S, sight. Idan babu wanda ya motsa, ka kori huɗu a tashi ɗaya.

Yanzu ga tambayar da ta fi damuna, wadda na tabbata ta taɓa damun duk ɗan makarantar da ya fara da karatun Hausa. Mu a bokonmu, baƙin da ka rubuta shi za ka furta. To me ya sa Bature zai rubuta g da h, ya zo karantawa ya tsallake su, ya ce "nait"?

Amsar ita ce, da can ba ya tsallakewa. Shekaru dubu da suka wuce, mutanen Ingila niht suke rubutawa, da riht, kuma h ɗin nan ana jin sa sarai, sauti ne mai gurzar iska a cikin baki. Ku tuna harafin خ da malam ya sha gyara mana a makarantar allo, kamar a cikin "khairan". Ba shi ne daidai ba, amma ɗan'uwansa ne na kusa. Bayan Normawa daga Faransa sun ci Ingila da yaƙi a 1066, salon rubutu ya yi ta sauyawa, har marubuta suka koma sa gh a wurin wannan sauti.

Daga baya sautin ya fara ɓacewa daga bakin mutanen kudancin Ingila. Wasalin i ya yi tsawo, sannan a hankali ya rikiɗe ya zama "ai". Ana cikin haka William Caxton ya kafa maɗaba'ar farko a Ingila, a Westminster, a 1476. Da littattafai suka yawaita sai rubutu ya fara tsayawa wuri ɗaya, baki kuwa ya ci gaba da tafiyarsa. Haka gh ya zauna a takarda, kamar kufai bayan an tashi daga gari.

Shaidar tana nan da ranta. Bajamushe har gobe Nacht yake ce wa dare, Licht haske, Recht daidai, kuma kana jin sautin da kunnenka. A Scotland ma akwai masu cewa nicht.

Shi ya sa nake roƙon malamanmu na firamare, don Allah a daina koya wa yara waɗannan kalmomi a warwatse. Yaron da ya rubuta "nait" ba daƙiƙi ba ne, kunnensa ya bi, kuma kunnen bai yi ƙarya ba. A jera masa dangin gaba ɗaya a allo, ya riƙe ight sau ɗaya, ya tashi da kalmomi bakwai.

Sai dai a ja masa kunne a kan biyu. Ta farko eight, wato takwas. Haruffa biyar ce, ƙarshenta ight, amma e ɗin da ke gaba ya sauya furucin, ba ta tafiya da light, da late take tafiya. Ta biyu write, wato rubuta. Ita ma haruffa biyar, babu gh a cikinta ko kaɗan, amma a kunne ita da right ba su da maraba. Ita kuma w ɗinta ne ya yi shiru, shi ma a da ana furta shi.