Jami'ar bincike mai zaman kanta a Abuja: wuta, ƙura da na'urori

Assalamu alaikum. Shugaban taro, ranka ya daɗe. Malamai, ɗalibai, barkanmu da warhaka. Na can baya kuna ji? To, madalla.

An ce in yi magana a kan jami'a mai zaman kanta da ta sa bincike a gaba, a babban birnin ƙasa. Misalin da zan riƙe yana nan Abuja, a Galadimawa, kan hanyar filin jirgi: Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Afirka, wadda aka fi sani da AUST. Abubuwa biyar zan taɓo: asali, kuɗi, kayan aiki, malamai, sai amfanin zama a Abuja.

Na farko, asali. A 1999 aka ba jami'o'i masu zaman kansu uku na farko lasisi a Najeriya: Igbinedion, Babcock da Madonna. Yawancin waɗanda suka biyo bayansu da kuɗin 'yan digirin farko suke rayuwa. Ita AUST da aka kafa a 2007 ƙarƙashin Cibiyar Nelson Mandela, ta sama ta faro: digiri na biyu da na uku, a fannonin kwamfuta, lissafi, fiziks, injiniyancin man fetur da kimiyyar sarrafa ƙarafa da sauran kayan ƙira. Tana da 'yar'uwa a Arusha ta Tanzaniya.

Na biyu, kuɗi. Ku sani, asusun TETFund na tallafa wa manyan makarantu, bisa dokarsa ta 2011, makarantun gwamnati yake tallafa wa. Saboda haka mai zaman kanta ƙofofi uku ne gare ta: kuɗin makaranta, masu ba da gudummawa, da tallafin bincike da ake gasa a kansa. A shirin Bankin Duniya na cibiyoyin ƙwarewa na Afirka da ya fara a 2014, AUST ta samu cibiyar PAMI ta nazarin kayan ƙira, Jami'ar Bayero ta samu cibiyar noman ƙasa mai ƙarancin ruwa, Jami'ar Redeemer's, ita ma mai zaman kanta, ta samu cibiyar nazarin ƙwayoyin halittar cututtuka. Wannan cibiyar ta Redeemer's ce a Maris ɗin 2020 ta fitar da jerin ƙwayoyin halittar cutar korona karon farko a Afirka. Don haka kada wani ya ce muku mai zaman kanta ba ta iya bincike. Tana iyawa, in ta riƙe wuta.

Na uku, kayan aiki. To ga inda nake son ku buɗe kunne. Wuta, jama'a. Wuta.

Ɗauki firizar da ake ajiye jini da ƙwayoyin cuta, wadda sanyinta ke kai digiri 80 ƙasa da sifili. Kwamfiresa biyu ne a cikinta, ɗaya na sanyaya ɗaya. Irin na da suna shan wajen yunit 20 a yini. A Afrilun 2024 aka kai kuɗin wutar rukunin A, wato masu samun wuta awanni mafi yawa, naira 225 kowane yunit. Ku buga lissafi: naira 4,500 a yini, naira 135,000 a wata, firiza guda, ba a sa na'urar sanyaya ɗakin ba. Kuma dole a sanyaya ɗakin, domin zafin da firizar ta zuƙe daga ciki a ɗakin take zubar da shi. A watan Maris zafin Abuja yana haura digiri 35. In ɗakin ya ɗau zafi, kwamfiresar farko ba ta hutawa, ta biyu ta bi ta, wata rana sai ka ji shiru. In wuta ta ɗauke kuma, ko ƙofa na rufe, cikin 'yan awanni sanyin ya fara guduwa. Samfurin da ɗalibi ya yi shekara biyu yana tarawa daga asibiti zuwa asibiti, in ya narke aka sake daskarar da shi, ba shi ba ne kuma.

Wani zai ce ai akwai janareta. Akwai. Amma tsakanin ɗaukewar wuta da kamawar janareta akwai daƙiƙa 10 zuwa 15, ko da mai sauya layi da kansa ne. Firiza za ta jure wannan, in an sa mata abin jinkirta tashi na 'yan mintoci, don kada kwamfiresa ta tashi a kan matsi. Madubin ilektiron, mai girmama ƙananan abubuwa, wanda ake duba fuskar ƙarfe da shi, ba zai jure ba. Cikinsa babu iska, famfo ne ke zuƙe ta, yana juyi sau dubban goma a minti ɗaya. Ka yanke masa wuta ba shiri, iska ta koma, zaren da ke fitar da ilektiron ya ƙone, famfon ma yana iya tafiya. Shi ya sa ake sa UPS, wato akwatin batiri mai riƙe wuta in an ɗauke, kuma ba irin na kwamfutar ofis ba. Wanda wuta ke ratsa batirinsa kullum, dare da rana, ake so, ta yadda na'urar ba za ta ma san an ɗauke ba. Batiran kuma a zafinmu sukan gaji kafin shekarun da aka rubuta musu, sai a riƙa gwada su da kaya a kansu, ba a tsaya kallon koren fitila ba.

Ga tsarin yadda ya kamata: layin kamfanin wuta, sai mai sauya layi, sai sitabilaiza, sai UPS, sannan na'ura. Sai wayar da ake binnewa a ƙasa, wadda masu wayarin ke ce wa atin. A rani ƙasa takan bushe, atin ya yi rauni, sai ka ga hoton madubi yana rawa, a yi ta zargin na'ura alhali laifin yana cikin rami a bayan gini.

Na uku... a'a, ai muna cikin na ukun. To ku ƙara da ƙura. Da hunturu matatar iskar firiza da ake wankewa wata-wata sai ta koma mako-mako. Ƙofa biyu ake yi wa ɗakin madubi, a cire takalmi a waje. Na ga Malam yana dariya. Eh, kamar masallaci, har da mai tsaron takalma in da hali.

Sai gyara. Ƙa'idar da masu harkar ke bi ita ce a ware wajen kashi 10 cikin 100 na kuɗin na'ura kowace shekara don kula da ita. Da dala ake biya. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A farkon 2024 ta haura 1,500. Jami'a da naira take karɓar kuɗin makaranta. Kun ga inda gizo ke saƙa. Don haka duk mai rubuta neman tallafi ya sa kuɗin gyara na shekara uku, da kayan canji, da tukwanen iskar gas, da horar da ma'aikacin ɗakin gwaji mutum biyu, tun a takardar farko. Biyu na ce, domin in ɗaya ya samu aiki a waje, na'urar ta zama kayan ado.

Lokaci ya ja, an miƙo mini takarda. Malamai a gurguje: AUST ta dogara sosai da farfesoshi baƙi, da yawansu 'yan Afirka mazauna waje, su zo su koyar da darasi a dunƙule cikin 'yan makonni su koma. Yana kawo ƙwararru da araha, amma ɗalibin digiri na uku yana buƙatar mai duba aikinsa da ke zaune a harabar. Na biyar, amfanin zama a Abuja: filin jirgi, hukumar jami'o'i ta NUC, cibiyar kimiyya da fasaha ta SHESTCO a Sheda, cibiyar binciken magunguna ta NIPRD a Idu, duk a kusa. Na'am, ga hannu can. Bismillah, Malama.

Ga waɗanda ba su ji ba, ta ce ita ɗalibar jami'ar gwamnati ce a Arewa, ko za ta iya kawo samfurinta irin wannan wuri a auna mata?

Ana yi, 'yata, kuma akan biya ne bisa kowane samfuri. Kafin ki hau mota, shugaban sashenku ya rubuta wasiƙa. Ki nemi ma'aikacin da ke riƙe da na'urar ki tambaye shi abu uku: tana aiki a wannan makon? Yaushe aka daidaita ma'auninta na ƙarshe? Wane irin shiri yake so a yi wa samfurin? In gari ne, kamar yumɓu ko tokar buhun shinkafa, ki busar da shi sarai, ki niƙa ya yi laushi, gram biyu zuwa biyar ya isa, a kwalba mai murfi, ki rubuta lamba a jikin kwalbar, ba a murfi kaɗai ba. Ki raba kowane samfuri biyu, ki bar rabi a gida. In an gama, kada ki karɓi hoto kawai. Ki ce a ba ki ainihin alƙaluman da na'urar ta fitar, da sunanta, da yanayin da aka saita ta, domin mujallar da za ki aika wa sai ta tambaya. In kuma jini ne ko wani abu mai lalacewa, wannan sai da izinin kwamitin ɗa'ar bincike da akwatin sanyi. Ki same ni bayan an tashi in zana miki yadda ake shirya shi.