Zaki, Haƙoran Giya da Ramin Oda: Asalin Tamburan Motocin Faransa

Masu kallo, barkanmu da warhaka. Manyan kamfanonin mota uku da Faransa ke tinƙaho da su, wato Peugeot da Citroën da Renault, kowannensu yana da tambarin da ake gane shi tun daga nesa, amma in aka bi diddigi za a tarar babu ko ɗaya a cikin tamburan nan da aka ƙirƙira domin ƙawa ko nuna isa. Dukkansu daga cikin masana'anta suka fito, daga kayan aiki irin na masassaƙa da makanikai.

Bari mu fara da zaki, tunda shi ne dattijo. A shekarar 1810, 'yan'uwa biyu, Jean-Pierre da Jean-Frédéric Peugeot, suka mayar da gidan niƙan hatsi na danginsu da ke yankin Montbéliard a gabashin Faransa ya koma wurin sarrafa ƙarfe. A lokacin ko labarin mota babu. Abin da suke ƙerawa shi ne zarto, da ƙarafan lema, daga baya kuma suka shiga yin 'yar na'urar niƙa gahawa a 1840, da ta niƙa masoro a 1874, wadda har gobe ake sayar da ita da sunan Peugeot. A 1847 ne iyalan suka nemi wani maƙerin zinariya mai suna Justin Blazer ya zana musu alamar da za su riƙa bugawa a jikin zartunansu, shi kuwa ya zana zaki yana tafiya a kan kibiya. Ma'anar a fili take ga duk wanda ya taɓa riƙe zarto: haƙoransa masu ƙarfi ne kamar na zaki, ruwansa yana lanƙwasa ba tare da ya karye ba kamar gadon bayan zaki, sannan yankansa yana da saurin zaki idan ya kai cafka. An yi wa alamar rajista a 1858, fiye da shekara talatin kafin motar Peugeot ta farko ta taka ƙasa.

Wanda ya karkatar da gidan zuwa abin hawa shi ne Armand Peugeot, wanda ya fara da kekuna a 1882, ya nuna wata mai ƙafa uku da ke aiki da tururi a baje kolin birnin Paris na 1889, sannan a 1890 ya koma ga injin fetur ƙirar Daimler. Zakin da ke tsaye a kan ƙafafun baya ya ɗaga na gaba, wanda yawancinmu muka taso muna gani, bai bayyana ba sai a 1948 tare da mota samfurin 203, kuma an aro shi ne daga tambarin gargajiya na lardin Franche-Comté, mahaifar kamfanin.

Akwai wata alama ta biyu da Peugeot ke kishinta kamar yadda yake kishin zakin, wato lamba uku da sifili a tsakiya. Tun daga 201 ta shekarar 1929 kamfanin ya riƙe wannan tsari, har ta kai lokacin da Porsche na Jamus ya fito da wata mota ya sa mata 901, Peugeot ya ce bai yarda ba, dole a 1964 aka sauya sifilin da ɗaya. Da haka aka samu Porsche 911 da duniya ta sani a yau.

Ga mutanen Arewacin Najeriya da Nijar, wannan zaki ba baƙo ba ne. Samfurin 504 ya fito a 1968, ya lashe kambun motar shekara ta Turai a 1969, sannan a 1975 masana'antar PAN (Peugeot Automobile Nigeria) da ke Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motocin Peugeot. Daga nan Fijo ta zama motar gwamnati, motar babban ma'aikaci, kuma motar haya, musamman doguwar nan mai kujeru layi uku da ake lodawa a tasha har da kaya a saman rufi. Dalilin karɓuwarta ba ɓoyayye ba ne: cikinta ya yi nesa da ƙasa, tana jure ramuka da burji, injinta kuma ba ya gagarar makanikin bakin titi. Shi ya sa aka ci gaba da harhaɗa ta a Kaduna har tsakiyar shekarun 2000, shekaru masu yawa bayan Turai ta yi ban kwana da ita.

Yanzu ku dubi tambarin Citroën da kyau, kusurwoyi biyu masu tsini, ɗaya a saman ɗaya. Mutane da dama suna ɗauka kan kibiya ne, ko kuwa igiyar muƙamin soja, alhali haƙoran giyar inji ne. A 1900, wani matashin injiniya mai suna André Citroën ya kai ziyara Poland, inda ya ga wata irin giya da aka yanka haƙoranta a karkace suka haɗu a tsakiya. Irin wannan yanka yana sa haƙoran su kama juna sannu a hankali, don haka ƙara ta ragu, giyar kuma ta ɗauki nauyi mai yawa ba tare da ta zame gefe ba. Ya sayi haƙƙin fasahar, ya koma Paris ya fara ƙera ta da ƙarfe. A Yaƙin Duniya na Ɗaya ya gina masana'antar harsasan igwa a bakin kogin Seine, da yaƙi ya ƙare kuma ya mayar da ita ta mota, ya fito da Type A a 1919, ya liƙa mata siffar haƙoran da suka yi masa arziki.

A fagen talla kuwa, da wuya a sami na biyun mutumin nan a zamaninsa. Daga 1925 zuwa 1934 ya rubuta sunansa a jikin hasumiyar Eiffel da ƙwayayen lantarki kusan 250,000. Kafin nan, a ƙarshen 1922, ya aika ayarin motoci masu sarƙa a baya maimakon tayoyi suka keta Sahara daga Touggourt ta Aljeriya zuwa Timbuktu, sannan ayari na biyu da ya tashi a 1924 ya ratsa ta Yamai da Damagaram ya nufi Tafkin Chadi. Sai dai talla tana cin kuɗi, ƙirƙira ma haka. Motarsa Traction Avant, wadda tayoyin gaba ke janta, ta fito a 1934, a shekarar ne kuma bashi ya durƙusar da kamfanin, Michelin mai tayoyi ya karɓe ragama, shi kuma André ya rasu a 1935 bai ga nasarar motar ba. A tsakiyar shekarun 1970 kamfanin ya sake shiga tasku, Peugeot ya saye shi.

Labarin tambarin Renault ya fi na sauran sauƙi, kuma a ganina ya fi su ban sha'awa. Louis Renault ya ƙera 'yar motarsa ta farko a 1898, ya hau da ita kan titin Lepic mai tudu a unguwar Montmartre a jajibirin Kirsimeti domin ya nuna ƙarfinta, a shekarar da ta biyo baya kuma suka kafa kamfani da 'yan'uwansa Marcel da Fernand. Tambarin farko haruffan sunayensu ne a sarƙe. Bayan yaƙi, a 1919, suka sa hoton tankar yaƙi, saboda su suka ƙera wa sojin Faransa tankar FT. A 1923 aka koma wani da'ira mai tsaga-tsaga a goshin motar, kuma aikinsa shi ne ya bar ƙarar oda ta fita, domin a bayansa aka ɗaura ta. Da yake murfin injin Renault na lokacin yana da ƙirji mai tsini a tsakiya, da'irar ba ta zauna daidai ba, sai a 1925 aka yanke ta ta koma mai kusurwa huɗu. Wannan ita ce siffar lu'ulu'un da ake gani har yau.

Kamfanin ya fita daga hannun iyalan a 1945, lokacin da gwamnati ta ƙwace shi bisa zargin Louis da yi wa Jamusawan mamaya aiki a Yaƙin Duniya na Biyu, shi kuwa ya riga ya mutu a tsare a 1944 ba tare da an yi masa shari'a ba. A 1972 fitaccen mai zane Victor Vasarely da ɗansa Yvaral suka sake fasalin tambarin da layuka masu ruɗin ido, suka cire sunan kamfanin daga cikinsa gaba ɗaya.

A 'yan shekarun nan dukkansu ukun sun waiwayi baya kusan a lokaci guda. A 2021 Peugeot ya dawo da kan zaki a cikin garkuwa irin na shekarun 1960, Renault ya fito da layuka biyu masu kama da zanen 1972, sannan a 2022 Citroën ya mayar da haƙoransa cikin zobe mai siffar ƙwai kamar na 1919. An kuma rage musu ƙyalli da tudu, domin tambarin yanzu dole ne ya fito sarai a fuskar waya kamar yadda yake fitowa a goshin mota. Peugeot da Citroën suna ƙarƙashin rukunin Stellantis tun 2021, tare da Fiat da Jeep, yayin da Renault ke ƙawance da Nissan na Japan tun 1999, gwamnatin Faransa kuma tana riƙe da kusan kashi 15 cikin 100 na hannun jarinsa.