Farar shadda a fentin ruwa: ba a shafa farin, barinsa ake yi

Salamu alaikum jama'a. Tun da na saka zanen bawan Allahn nan mai farar shadda da na hango wajen Ƙofar Doka a nan Zariya an sauko daga Juma'a, tambaya ɗaya ake ta turo min, wai wane farin fenti na sa har rigar take ƙyalli haka. To ku matso kusa.

Ko ɗigon farin fenti babu a nan. Takarda ce tsurarta.

[kyamara kan takarda]

Na farkon nan kun san shi, fensir sama-sama, tsayuwar mutum, hular zanna ta ɗan karkace, ya naɗe hannun babbar riga kan kafaɗa. Takarda dai ku nemi mai kauri, giram 300, don in ta fotokwafi ce tana jin ruwa za ta kumbura kamar gurasa, ni ma na taɓa tafka wannan asarar.

Yauwa, ga inda ake kwafsawa. Fentin ruwa ba irin na shafa bango ba ne da yake rufe abin da ke ƙasa, shi haske ratsa shi yake ya daki takarda ya dawo ido, shi ya sa ake farawa da kala mai haske a gangaro zuwa mai duhu, kuma duk inda burushi ya taɓa to farin wurin ya tafi ke nan. Wancan farin da ke cikin kwalin, in ka ɗora shi kan shuɗi sai ya dusashe kamar an goga alli, ƙyallin shadda ba zai fito ba wallahi.

Don haka inuwar rigar kawai nake zanawa. Shuɗi kaɗan, ɗan ruwan ƙasa, ruwa da yawa har ya zama kamar ruwan wanki. Ku kalli shaddar da ta sha sitati da bugu, ninkinta kaifi gare shi, don haka kan busasshiyar takarda zan ja, layi ɗaya, in ɗaga hannu. Ƙarƙashin hammata, nan inda ta karye a gwiwa. Wannan fili na kafaɗa da rana ta daka, kun gani, ban taɓa shi ba kuma ba zan taɓa ba ko hannuna na ƙaiƙayi. Da mayafin 'yan matan Samaru ne mai laushi, sai in jiƙa takardar tukuna kalar ta bazu da kanta.

[ana jira ya bushe]

Tunda jira muke, abin da ke riƙe kalar nan a takarda ƙaro ne fa, na itacen dakwara, irin wanda almajirai ke sawa a tawada. Kuma a garin nan ne su Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane a 1958 suna ɗalibai, don haka kar wanda ya ce min wai zane ba na Zazzagawa ba ne.

Da hunturu minti kaɗan ya bushe, da damina kuwa sai ka sha shayi ka dawo. Taɓa da bayan yatsa, in akwai sanyi to da saura.

Yanzu bayan mutumin, in zuba jar ƙasar ganuwa har bakin kafaɗa, ku ga yadda farin ya taso. Saura aikin wuya, aska takwas, da ƙaramin burushi.