Takabar da ba ta da ranar fita

Duk mai kallon fim ɗin Indiya ya san wannan matar. Farin sari, hannu ba awarwaro, goshi ba ɗigon ja, tana rakuɓe a gefe ana biki. Da ka gan ta ka san mijinta ya mutu.

A wurinmu takaba wata huɗu ce da kwana goma. Mace ta fita, ta yi wanka, ta yi kwalliya, manema su fara sallama. A tsohuwar al'adar Hindu, musamman a gidajen manyan dangi irin na Brahmin, babu ranar fita. Ranar da miji ya cika ake farfasa awarwaron matar, a goge jan garin nan na tsagar gashinta da ake kira sindur, wani wurin har a aske mata kai. Daga nan abinci sau ɗaya a rana. Ba nama, ba albasa, ba tafarnuwa, wai don kada sha'awa ta motsa. A yankin Bengal, inda kifi ne cimar kowa, kifin ma ya haramta gare ta. Kuma ana camfa ta: mai farar ƙafa ce, ita ta ci mijin, kada ta kusanci amarya.

Ku tuna a da ana aurar da yara ƙanana. Yarinya 'yar shekara takwas kan shiga wannan hali tun ba ta tare ba, ta tsufa a ciki.

Mafi muni shi ne sati, ƙona mace da gawar mijinta. An haramta shi a 1829, zamanin gwamnan Turawan mulkin mallaka William Bentinck, bayan gwagwarmayar masanin Bengal Raja Ram Mohan Roy. A 1856 wani masanin Bengal, Ishwar Chandra Vidyasagar, ya yi tsayin daka har aka yi dokar da ta ba matan da mazansu suka mutu damar sake aure. Amma a 1987, a ƙauyen Deorala na jihar Rajasthan, an ƙona Roop Kanwar, 'yar shekara 18, da gawar mijinta. Sai da aka sake wata dokar.

Yanzu mu je Vrindavan, a jihar Uttar Pradesh, garin da mabiya Hindu ke dangantawa da ƙuruciyar abin bautarsu Krishna. Dubban irin waɗannan mata na zaune a nan, da yawansu daga Bengal. Sukan wuni a ɗakunan ibada suna rera waƙoƙin bauta, a sallame su da 'yan kuɗi da ɗan awon shinkafa. Wasu ibada ce ta kawo su, gaskiya ne. Amma da yawa 'ya'yan cikinsu ko dangin miji ne suka rako su tasha. Dokar gado ta 1956 ta ba mace kaso a dukiyar mijinta, kuma ni a ganina nan gizo ke saƙa: in tsohuwa ta yi nisa, gida da gona sun zama na wanda ya rage.

A 2012 Kotun Ƙolin Indiya ta sa baki, ƙungiyar agaji ta Sulabh, wadda Bindeshwar Pathak ya kafa, ta fara ba su alawus na wata-wata da magani. A shekarar da ta biyo baya matan suka fito bikin Holi, wanda al'ada ta hana su, suka yi ta watsa wa juna furanni da garin launi a kan fararen sarin nan.