Abin da dogon zango ke yi wa wasan kati na haɗin gwiwa

Jama'a barkanmu da wannan lokaci. Ku ɗauka ga katuna 15 a kan tebur. Da su mutum yake fara wasan Pathfinder Adventure Card Game, wanda kamfanin Paizo ya fitar a 2013. Katunan nan su ne makamanka, kuma su ne ranka. Dodo ya kai maka bugu, sai ka zubar da kati daga hannunka. Ranar da aka ce ka ja kati ka tarar babu, jaruminka ya mutu ke nan.

Salon gina tarin kati ana cikin wasa ya shahara ne da wasan Dominion a 2008. Sai dai a can kowa ta kansa yake yi, kuma da an tashi an koma farko. A nan kuwa ku duka gefe ɗaya kuke, wasan kansa ne abokin gaba, sannan labarin zango-zango yake tafiya. Abin da ka samo yau da shi za ka fita gobe.

Wannan kaɗai ya isa ya canza lissafi. Akwai katunan albarka guda 30 a gefe, duk wanda layinsa ya zo sai a buɗe ɗaya. Idan suka ƙare ba ku kama shugaban miyagun ba, kun faɗi. To ga takobi mai kyau ya bayyana a inda kake, lokaci kuma yana ƙurewa. Ka tsaya ka neme shi, ko ka bi sawun mugun? Da wasan zama ɗaya ne, ba sai an yi shawara ba. Amma takobin nan zai iya yi muku aiki har ƙarshen tafiya, shi ya sa za ka ji tebur ya kaure da gardama.

A ganina ma, ainihin wasan yana farawa ne bayan an gama faɗa. Ana baje ganima a tsakiya, kowa ya sake haɗa tarinsa. Kuma akwai ƙa'ida: kowane jarumi da adadin makami, sulke ko tsafin da aka yarje masa. Mayaƙi ya tsinci katin tsafi mai ƙarfi? Ba shi da gurbinsa, dole ya miƙa wa matsafi. Sabon kati zai shiga? Sai tsoho ya fita. A nan ake gane mai son kai. Wanda ya tattara komai mai kyau a hannunsa, ya bar mai warkarwa da tarkace, zai ji a jikinsa zango biyu a gaba, lokacin da katunansa suka kusa ƙarewa babu mai dawo masa da su.

Wasu wasannin sun ƙara gaba. A Aeon's End na 2016 ba a cakuɗa katunanka sam. Yadda ka ajiye su haka za su dawo maka. Da sigarsa ta Legacy ta fito, sai aka ce ka raɗa wa matsafinka suna, ka manna masa sitika, ka buɗe abubuwan da aka rufe sai lokacinsu ya yi. Sitika kuwa in ta zauna ta zauna.

Ba za mu ɓoye muku wahalarsa ba. Sai mutane ɗaya sun riƙa haɗuwa mako bayan mako, kuma wanda ya yi fashi sau biyu zai dawo ya tarar jaruminsa ya zama ɗan rakiya. Ga kuma gwani, wanda ya fi kowa sanin ƙa'ida, ya koma yana buga wa kowa hannunsa. In kuna da irinsa, ku sa doka tun daren farko: a faɗi shawara, amma mai kati shi ke yanke hukunci. Kafin a rufe kwali kuma, kowa ya ɗaure tarinsa daban, a rubuta zangon da aka tsaya.