Abin da ya sa fulogi yake ƙin shiga: laccar da aka yi wa masu koyon aikin wuta

To jama'a salamu alaikum, na baya kuna jina ko? Madalla.

Kun ga fulogin nan mai ƙafa uku da ke hannuna, tsarin Ingila ne tun 1947, kuma shi muke amfani da shi a Najeriya. Ku dubi ƙafar sama, ta fi biyun tsawo, ba wai kuskure aka yi ba wajen ƙira. Ita ce ta at, wato earth, mai kai wuta ƙasa in an samu matsala, ita ke fara shiga ta ture wani ɗan murfi a cikin soket sannan ramuka biyun ƙasa su buɗe, in za ka zare kuma ita ce ƙarshen fita. Duk yadda ka juya shi ba zai shiga a kife ba. Amma mu me muke yi? Mutum ya sayo caja mai ƙafa biyu irin ta Nijar ta ƙi shiga, sai ya ɗauko murfin biro, wani ma makulli wallahi na gani da idona, ya danna ramin sama ya cusa ta dole, kuma yaro na tsaye yana kallo, gobe shi ma zai gwada.

Japanawa suna ce wa wannan dabara poka-yoke, Shigeo Shingo ne ya yaɗa ta a kamfanin Toyota, wato ka ƙera abu yadda ko mai gyangyaɗi ba zai iya sa shi ba daidai ba. Shi ya sa aka yanke kusurwa ɗaya ta layin waya, wato sim. Bakin cajar nan USB-C da ya fito a 2014 shi kuma wata hanyar ya bi, ta ko wane gefe ka sa daidai ne.

A masana'antu akwai manyan fulogai, ruwan ɗorawa na bolt 110, shuɗi 230, ja 400. Ba kalar kaɗai aka dogara da ita ba, gurbin ƙafar at ma daban ne, ko cikin duhu ba za su haɗu ba.

Sai maganar namiji da mace, wato mai ƙafafu da mai ramuka, nan nake so ku nutsu. Ɓangaren da wuta take fitowa ko yaushe mace ake sawa, ƙarfen yana ɓoye a rami. To wayar nan da wasu ke haɗawa janareto, fulogi nan fulogi can, da ka tada inji ƙafafun ɗaya kan tsirara suke da wuta, in kuma ba a kashe babban makunni ba wutar ta bi layi ta samu wanda ke kan fol yana gyara. Ko nawa aka ba ku kar ku haɗa ta, ku sa canjoba, wato makunnin da ke raba wutar janareto da ta layi.

Kai mai jar hula, na ga hannunka, yi tambayarka.