Amsoshin Tambayoyinku: Ina Tarihin Birnin Izmir Ya Shiga?

Masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙarmu ta farko ta fito ne daga wani ɗan kasuwa a Kano, wanda zai je Turkiyya sarin kaya, kuma yana so ya ware kwana uku ya buɗe ido a Izmir. Ya ce an gaya masa birnin daɗaɗɗe ne, amma duk hotunan da ya gani benaye ne na zamani jere a bakin teku, shi ya sa yake tambaya ko tarihin na fatar baki ne kawai.

To Alhaji, idonka bai yi maka ƙarya ba, kuma akwai dalili. Izmir, wadda a da ake kira Simirna, ita ce birni na uku a girma bayan Istanbul da Ankara, kuma ta daɗe tana tashar jiragen ruwa, inda ake lodin busasshen ɓaure da zabibi da auduga zuwa Turai. A ranar 9 ga Satumba, 1922, sojojin Turkiyya suka shiga birnin a ƙarshen yaƙinsu da Girka, bayan kwana huɗu kuma gobara ta tashi ta cinye unguwannin Girkawa da Armeniyawa, rayuka masu yawa suka salwanta, har yau kuwa ba a daina jayayya a kan wanda ya cinna ta ba. Benayen da ka gani daga baya aka gina su.

Wutar ba ta ci unguwannin Musulmi da na Yahudawa ba, saboda haka can za ka nufa, kuma a ƙafa. Ka fara daga dandalin Konak, wurin hasumiyar agogon da aka gina a 1901 don cikar Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkawa, Abdulhamid na Biyu, shekara 25 a kan gadon sarauta, sannan ka juya wa teku baya ka kutsa cikin kasuwar Kemeralti. A tsakiyarta akwai masaukin fatake na 1744, wanda Hajji Bashir Aga ya gina, mutumin da aka kawo daga Habasha a matsayin bawa har ya zama shugaban masu kula da cikin gidan sarki a Istanbul. Ginin yana da tsakar gida, ɗakunan ƙasa na ajiyar kaya ne, na sama kuma na kwanan baƙi, wato zango ke nan irin wanda kowane Bahaushe ya san amfaninsa. A ganinmu nan ya fi cancantar ka ɓata lokaci. Ka samu kujera a lungun da ke gefensa, ka sa a kawo maka gahawar da ake dafawa a cikin ɗan kofin da za ka sha, idan an kira salla kuma masallacin Hisar, na ƙarshen ƙarni na 16, yana nan dab da kai.

Gaba kaɗan akwai kufan kasuwar Rumawa, wadda aka sake ginawa bayan girgizar ƙasar shekara ta 178 Miladiyya, kuma har yanzu ruwa yana gudana a ƙarƙashin bakan-gizon duwatsunta. Da yamma sai ka hau jirgin fito zuwa Karshiyaka, wata unguwar birnin da ke tsallaken ruwa.

Wata baiwar Allah daga Damagaram kuma tana tambaya ko da gaske ne kogon Ashabul Kahfi yana kusa da Izmir. Hajiya, akwai kogon da ake danganta wa samarin a gefen kufan birnin Afisa, kimanin kilomita 80 kudu da Izmir, kuma jirgin ƙasa yana kai mutum garin Salcuk da ke maƙwabtaka da shi. Sai dai mutanen Tarsus da na Afshin a cikin Turkiyya, da kuma na Jodan, kowa yana cewa nasa ne na ainihi, Alƙur'ani mai girma kuwa bai ambaci sunan garin ba. Idan kin tashi zuwa, ki zaɓi Afrilu ko Mayu, ki kuma yi sammako, domin a watan Yuli da Agusta titunan Afisa na farin dutse suna ɗaukar zafi ƙwarai, inuwa kuma ba ta da yawa.